Hoton ƙaramar Sallar 1983 da na tsinta a adakar Inna

Hajiyar Birni:
Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, na gida da na nesa. Shekaranjiya muka zauna rabon kayan Inna, Allah ya jiƙanta da rahama, sai aka miƙo mini makullin adakarta, wadda tun muna yara ko kusa da ita ba ma zuwa. Can ƙasa, ƙarƙashin wani tsohon saƙi, na tarar da hoto a naɗe cikin ƙyalle. Mu huɗu ne a tsaye, ranar ƙaramar Sallah ta 1983, ina da shekara 15. Anko muka yi na atamfar SONITEXTIL, kore da ruwan goro, ɗinkin taybas mai kumburarren hannu, zane har idon sawu, kowace ta karkata ɗaurin adikonta gefe guda. A bayanmu labulen mai hoto ne da aka zana wa jirgin sama da dogayen benaye, ni kuma na kara tarho a kunne, tarhon da ba a haɗa shi da komai ba.

Biyu daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya. Ta ukun aure ya kai ta wajen Mirya, rabona da ita ya fi shekara ashirin. Ina riƙe da hoton nan sai ƙamshin sabuwar atamfa ya dawo mini a hanci, da sanyin lalle a tafin ƙafa daren jajibiri, da zafin sabon kitso wanda mutum ko gira ba ya iya ɗagawa. Sallar a damina ta faɗo. Na tuna mun riƙe takalmanmu a hannu mun tsallake ruwan da ya kwanta a lungu, sai da muka kai ƙofar fada muka sa su, don mu kalli hawan Sarki Abubakar Sanda da ƙafa mai tsabta.

Shi ne na ce bari in tambaye ku, waɗanda suka yi samartaka da 'yanmatanci a garin nan wajen 1975 zuwa 1990, me kuke tunawa? Ni dai tun ranar zuciyata ta ƙi dawowa.

Tsohon Tela:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Inna, ya sa can ta fi nan. Kin taɓo ni inda yake mini ƙaiƙayi. Na shiga koyon ɗinki a bakin Kasuwar Dole a 1974, shekarar da Kunce ya karɓi mulki, kuma shekara biyu na yi ina sa maɓalli da guga kafin maigidana ya yarda in hau keken Singer. Irin taybas ɗin da kika faɗa, Allah kaɗai ya san nawa suka bi ta hannuna.

Amma bari in fara da na samari. Wandon lokacin ƙafar giwa ne, 'yan lakwal, wato makarantar boko, suna ce masa fadelefan. Sama ya kama cinya tsam, daga gwiwa kuma ya buɗe kamar bakin kakaki. Yaro zai zo da yadin targal a hammata ya ce, Maigida, ƙasan ya kai santi 30. Gobe abokinsa ya zo ya ce nasa 35 yake so, kada a faɗa wa wancan. Da yake ƙafar tana sharar ƙasa, ba ta jimawa take cinyewa, sai muka samo dabara: mu raba zip biyu mu bi bakin ƙafar da shi, haƙoran suna leƙowa. In saurayi ya taho kan tsakuwa, kafin ka gan shi ka ji shi. Rigar kuwa a matse, kwala doguwa mai tsini kamar kunnen zomo, maɓalli biyu na sama a buɗe.

'Yan mata su kan zo da shafin da aka yago daga littafin tallan kaya na La Redoute, ya sha ninki har ya yi laushi don yawan hannun da ya bi. Ta nuna maka hannun wannan, wuyan waccan, ta ce a haɗa mata a atamfa. Ba takardar yanka, ba komai, ido ne da alli da almakashi.

Goman ƙarshe na azumi ba ma kwana gida. Fitilar ƙwai a kan tebur, dutsen guga cike da gawayi, yaro yana fifita shi a bakin ƙofa, ka guntsi ruwa ka fesa a kan kaya. Ana kabbarar Idi wani yana tsaye a kanka yana jiran a sa masa igiyar wando. Har yau littafin awona na nan, kowa da sunansa da faɗin kafaɗarsa. Da yawa a ciki sun rasu, amma in na buɗe shafin mutum sai in gan shi tsaye a gabana ya ɗaga hannu ina zagaya shi da awo.

Hajiyar Birni:
Baba Tela, wallahi ka sa ni hawaye. Shafin nan da kake faɗa, mu ma mun yi aronsa, kwana ɗaya aka ba mu.

Mushe Mai Ritaya:
Allah ya gafarta wa Inna. Ni ina lise Kuran Daga a ƙarshen shekarun 1970, kuma abin da Baba Tela ya faɗa haka yake ba ragi. Abin da ya manta shi ne kai. Gashin afro! Sai mutum ya yi wata shida bai je wurin wanzami ba, kullum da safe ya shafa basilin ya taje shi sama ya daddanna da tafin hannu har ya yi zagaye kamar faifai. Mashacin yana aljihun baya, kansa ya leƙo don a gani. Takalmi kuma mai tudu, tsawon dunduniyar ya kai yatsa huɗu. Da kuɗin bursu, wato tallafin karatu, muke saye, kuma sai ɗaki guda ya haɗa kuɗi a sayi ɗaya, wanda zai fita zance ranar Asabar shi ke sawa. Ban taɓa jin wanda ya ji kunyar haka ba.

Ƙarshen shekara a yi bal, a sa faifan Zayar da na Kuba, a yi rawa har dare ya raba. Silima kuwa fili ne ba rufi, taurari a sama, fim ɗin Indiya ko na karate a gaba, yara su fito suna tsalle suna kai wa iska duka har gida.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne Samariya. Bikin matasa na ƙasa na farko a nan Damagaram aka yi shi a 1976. Jihohi bakwai ne a lokacin, kowace ta zo da mawaƙanta da 'yan wasanta da kayan gargajiyarta. Ranar na fara ganin Tubawa da Buzaye da Zabarmawa sun yi ado irin nasu a fili guda. Kowace unguwa tana da sarkin samari da magajiya, a yi gayyar share gari, a buga tubalin aji, ranar 3 ga Agusta a dasa itace. Da dare a taru gaban talabijin ɗin gidan matasa a kalli su Yazi Dogo, wasan da 'yan garin nan ke yi da Hausarmu, duk ƙasa tana dariya. Ni ina ganin matashin lokacin ya san yana da amfani a gari. Abin da na fi kewa ke nan, ya fi mini wandon.

Ɗan Zango:
Mushe, da girmanka, amma kada a mai da labarin na 'yan lakwal kaɗai. Mu da muka tashi a Zango a gaban allo da rumfar kasuwa mun fi ku yawa, kuma mu ma mun yi zamani. Namu adon jamfa ce ta shadda da wando, hula kube a karya ta gaba, agogo Seiko a sassauta shi ya sauko kan hannu, takalmi balka ɗinkin dukawan garin nan, sabo fil yana ƙara. In kana da keke Raleigh ka naɗe shi da roba kala-kala ka sa madubi biyu, to kai ne. Mai mobilet kuwa sai dai a tashi a ba shi tabarma.

Ina da shekara 16 maigidana ya fara tafiya da ni Kano. Wani lokaci mu bi ta Matamai da Ɗan Barto mu faɗa Daura, wani lokaci ta Magarya da Babban Mutum. Ranar da na fara shiga Kantin Kwari na tsaya baki buɗe, atamfa tun daga ƙasa har rufi, ta Kaduna, ta Ingila, ta Holan. Mu lodo turame da shadda da turaren Bintu Sudan da man Stella da kaset. Duk yayin da aka fito da shi a Kano ran Litinin, ran Alhamis yana Kasuwar Dole. Rediyon Kaduna kuma kamar a bayan gida take, mu rubuta wasiƙar gaisuwa mu ba direba, mu yi sati biyu muna kasa kunne mu ji an kira sunanmu da na budurwa.

Zance ma da ladabinsa. Ka tsaya nesa da ƙofa bayan isha da tocila, ka kira ƙaramin yaro ka ba shi dala ɗaya ya shiga ya ce ana sallama da wance. Ta fito da tabarma da ƙanwarta a gefe. In babanta ya taho, ka cire takalmi ka durƙusa tun yana nesa. Toshin Sallah kuwa ka yi wata uku kana tara shi: turmi ɗaya, adiko, ɗan kunne, kwalli, sabulu, kwalbar turare.

Mushe Mai Ritaya:
Gaskiyarka Alhaji, na karɓi gyara. Kayan da muke taƙama da su ma ai ku ke kawo su.

Ɗiyar Garin Malam:
Na karanta duka tun daga sama, na yi shiru, amma zuciyata ta ƙi. Yaya Hajiya, Allah ya jiƙan Inna, kuma ki yi mini afuwa, ba don in ɓata miki tunani na shigo ba. Ni shekara ɗaya kika ba ni. Zamanin da kuke yabo, ni ma a cikinsa na tashi, amma abin da na tuna daban ne.

Na tuna ruwa. Ƙarfe uku na dare Inna ta tashe ni in kai bokiti layin famfo, in zauna a kan dutse ina gyangyaɗi har asuba, wani lokaci famfon ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ruwan da ake jawowa daga Arunguza da Gogo bai taɓa wadatar da garin nan ba, kowa ya sani. Mai kuɗi ya kira ga-ruwa, mu kuwa mu bi tabki. Wuyana har yau yana mini ciwo saboda tulu. Wace kwalliya yarinya za ta yi da ruwan wanka rabin kwano?

Na tuna 1984. Damina ta ƙi, Buhari ya rufe iyaka a watan Afrilu, ya canza kuɗi, yunwar da har yau El Buhari ake ce mata. Mutanen Damargu da makiyaya suka cika bakin gari, shanu sun mutu, mata da yara a gindin itace. Mu da ke cikin gari muka ci jar dawar taimako. Inna ta sauke tasoshinta na jere ɗaya bayan ɗaya ta kai kasuwa, waɗanda ta tara don aurena. Zanena ɗaya ne shekarar nan, in na wanke sai in ɗaura na Inna in jira ya bushe.

Kuma na ci sartifika, sunana ya fito, amma ban taka kwaleji ba. Aka ɗaura mini aure ina da shekara 15. Ranar da ƙawayena suka wuce da kakinsu da littattafai a ka, ina leƙensu ta kafar zana. Don haka in an ce da ya fi yanzu, ni sai in tambaya, ga wa? Jikata yau tana jami'a a nan cikin garin nan. Ba zan musanya mata wannan da kowace irin atamfa ba.

Ɗan Zango:
Hajiya, maganar El Buhari ba wanda zai musa. Mu ma ta karya mu. Maigidana yana da naira cike da jaka lokacin da aka canza kuɗin, iyaka a rufe, ba halin kai su, suka zama takarda. Sai a 1986 aka buɗe, shi kuwa bai sake tashi ba har ya rasu. Amma ko a shekarar nan, gidanmu tukunya biyu ake ɗorawa, ɗaya ta gida ɗaya ta waɗanda ke zaure. Ba a rufe ƙofa. Wannan nake nufi in na ce da.

Ɗiyar Garin Malam:
Alhaji, Allah ya saka wa gidanku. Amma ka lura, ku ne masu ɗora tukunyar, mu ne masu miƙo kwano. Ba abu ɗaya muke tunawa ba.

Mushe Mai Ritaya:
Wannan magana ta shige ni. Na koyar shekara 34, kuma na san yara mata nawa aka cire mini daga aji ana tsakiyar shekara, in je gidan in yi magana a ce mini Mushe, an riga an karɓi goro. Ƙanwata, abin da aka yi miki an yi wa da yawa, kuma mu da muka gani muna da alhakin faɗa.

Zan ƙara da nawa. Samariyar da na yaba, ni na san ba ta hana tsoro ba. Zamanin Kunce ko a zaure mutum sai ya waiga kafin ya ambaci gwamnati. Akwai abokan karatunmu da aka ɗauka saboda yajin ɗalibai. Sai bayan rasuwarsa a Nuwamba 1987, da Ali Saibu ya hau, aka ɗan saki numfashi. Duk da haka ba zan janye maganata ta farko ba. Tsoro gaskiya ne, gayyar ma gaskiya ce, a jikina na ji su duka biyu.

Hajiyar Birni:
Ƙanwata ta Garin Malam, ba ki ɓata mini komai ba. Ni ma na ɗauki tulu, sai dai gidanmu akwai mai albashi, shi ya sa abin bai kai mana inda ya kai muku ba. Kuma ɗaya daga cikin biyun da na ce sun rasu, wadda ke hannun damana a hoton, wajen haihuwar fari ta tafi, ba ta cika 17 ba. Da na ce zuciyata ta ƙi dawowa, har da wannan a ciki.

Auta:
Iyayena ina gaishe ku. Ni haihuwar 2001 ce, ina ta karatu kamar tatsuniya. Inna Hajiya, tambaya gare ni, kada ki ga rashin kunyata. Kin ce adiko kawai kuka ɗaura. Ashe lokacin ba a sa hijabi? Mu kullum ana ce mana 'yan matan da sun fi mu sutura.

Hajiyar Birni:
Tambaya ce mai kyau 'yata. Hijabi irin wanda kuke sawa yanzu ba mu san shi ba muna 'yan mata. Budurwa adiko ne da zane da riga, in ta ƙara sai ɗan gyale a kafaɗa. Matar aure ita ke lulluɓa da zane na biyu ko mayafi. Wajen shekarun 1990 hijabi ya fara yawa, da makarantun Islamiyya na mata, ni kaina sai da na haifi na uku na fara sawa. Saboda haka ta wajen rufe jiki kun fi mu, ban ɓoye miki ba. Adonmu a kai yake da hannu da ƙafa: kitson zane-yawo, shuku, kitson zare da ake miƙar da shi tsaye, lalle har wuyan hannu, kwalli, ɗigon katambiri a kumatu, jigida a ƙugu wadda ba mai gani sai dai a ji. Da dare in wata ya yi haske mu fita dandali mu yi gaɗa, wata ta faɗo baya mu tare ta mu cilla, har sai an aiko a kira mu.

Malam Na Alkali:
Abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne. Ilimin addini ya ƙaru a wurin mata, wannan alheri ne babba, mu gode wa Allah. Abin da ake nufi in an ce na da sun fi, ina jin kunya ake nufi ba yadi ba. Yarinya ba ta kiran sunan yayanta, ba ta haɗa ido da babba, kowane dattijo a unguwa ubanta ne, yana iya tsawata mata.

'Yar Sabon Gari:
Malam, da izininka. Tunda an zo nan, bari in faɗi nawa. Farkon shekarun 1990 ina kwaleji, ruwa ya yi jinkiri, aka fara cewa 'yan mata masu sa siket ne suka hana shi sauka. Wata rana na fito daga lakwal da siket ɗina wanda ya wuce gwiwa, gungun yara da samari suka biyo ni da ihu da jifa tun daga bakin kasuwa. Wata tsohuwa mai sai da ƙuli-ƙuli ce ta ja ni cikin rumfarta, ta kwance zanenta na sama ta ɗaura mini, ta tsaya a ƙofa ta ce duk wanda ya isa ya shigo. Ban san sunanta ba har yau, amma ba na sallah ban yi mata addu'a ba. Ina sa hijabi yanzu da son raina. Amma abin da aka yi mana ranar nan ba addini ba ne.

Malam Na Alkali:
Ba addini ba ne, 'yata, zalunci ne. Ruwa na Allah ne, yana saukar da shi lokacin da ya so. Wa'azi da baki ake yi, ba da dutse ba. Allah ya saka wa tsohuwar nan da Aljanna.

Ɗan Fada 94:
Iyaye da yayye, a ba 'yan 90 wuri su ma. Mu ba mu samu ƙafar giwa ba, sai a hoton yayyenmu. Mu 'yan bosho ne, wato gwanjo. Ran Alhamis da sassafe ka je inda ake kwance dila, ka tsuguna ka tona, in Allah ya taimake ka ka fito da wandon jins da riga mai lamba a baya, ka wanke ka goge, ba mai cewa wani ya taɓa sawa. Dalili kuwa sananne ne. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100. Atamfar Holan ta fi ƙarfin iyayenmu a dare ɗaya. Ga albashi ana bin bashinsa wata da watanni, ga yajin aiki, mu je lakwal a ce mu koma gida.

A nan fada, wato majalisar hirar samari, ta samo asali a wurinmu. Benci ɗaya, tabarma, ɗan murhun waya, buta ƙarama, kowa ya kawo dala biyar a sayi shayi da sukari. Na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, har tsakar dare ana musun siyasa, don lokacin an yi taron ƙasa na 1991, ga ɗan garinmu Mahamman Usman ya ci zaɓe a 1993, bakin kowa ya buɗe. Manya suna ce mana 'yan zaman banza. Amma fadarmu ce ke haƙa kabari in an yi rasuwa a unguwa, ita ke kafa rumfar biki, ita ke gadin layi da dare. Mushe, ni ina ganin gayyarku ce ta dawo da wata riga, sai dai mu ba gwamnati a bayanmu.

Mushe Mai Ritaya:
Ban taɓa kallonta ta nan ba, ɗana. Ina cikin masu yi muku faɗa a lokacin. Zan yi tunani a kai.

Tsohon Tela:
Bosho ɗin nan da kake yabo, yaro, shi ya fara rage mana aiki. Samari suka daina kawo yadi sai na Sallah. Daga baya masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, atamfar Sin ta cika kasuwa, mai araha, wanki uku ta koɗe. Ban ce laifinku ba ne, abin da aljihu ya iya kuka yi. Amma mu goma sha ɗaya ne a layinmu, yau saura mu uku.

Wani abu da ba a ambata ba shi ne wasan kara. Nan ne tela ke nuna gwaninta. A zo a ce a ɗinka wa wane kakin shugaban ƙasa, wane na prefe, wane alkyabbar sarki, a yi tambarin kafaɗa da kwali da zaren zinariya, bindiga da na'urar ɗaukar hoto kuma na kara. Yaro ya fito yana tafiya irin ta mai mulkin, yana magana irin tasa, manyan na zaune suna kallon kansu. Da hawan ƙaho na mahauta, da kokawa tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, duk gari a manne da rediyo. Da muryar Ma'azu Ɗan Alalo a ƙofar fada ranar Sallah. Kayan da na ɗinka a wuraren nan aka sa su, shi ya sa ba na iya raba su.

'Yar Mirya:
Inna Hajiya, ni a Mirya nake aure. Akwai wata dattijuwa a unguwarmu 'yar Birni ce, kullum tana labarin ƙawayenta uku da suka yi anko. Ban ce ita ba ce, amma ki turo mini sunanta ta saƙon sirri in bincika.

Hajiyar Birni:
Allahu Akbar. Na tura miki yanzu 'yata. In ita ce, ki ce mata ran Lahadi ina nan tafe, in ci kasuwarku in kwana wurinta.

Ɗiyar Garin Malam:
Yaya Hajiya, wata alfarma. Atamfar nan kore da ruwan goro, ba mai zanen ganye da ƙananan tsuntsaye a baki ba ce? In ita ce, na san ta. Shekarar nan kullum in na dawo daga talla sai na tsaya a rumfar da aka rataye ta in kalla. Inna ta ce in an sayar da gyaɗa za ta saya mini. Ba a saya ba.

Hajiyar Birni:
Ita ce, wallahi ita ce. Na tashi na sake duba adakar yanzun nan. Ƙyallen da na ce an naɗe hoton a ciki, ashe ragowar atamfar ce Inna ta ajiye, ni ban lura ba saboda ta bayansa aka naɗe. Launin bai koɗe ba ko kaɗan, tsuntsayen suna nan. Na auna da hannu, ya kai kamu biyu da ɗan ƙari. Ƙanwata, naki ne, ki faɗa mini inda zan aiko.

Tsohon Tela:
Kamu biyu ya isa adiko har da saura. Hajiya, kada ki aika tukuna. Ki kawo mini shi ran Alhamis bayan azahar in kalmashe bakinsa, ina nan layin teloli, keken Singer ɗin nan dai shi ne. Ki taho da hoton ma, ina so in ga ɗinkin hannun, zan gane ko nawa ne.